Ajiya a Bayan Dutse

Mutanen babana mutanen dutse ne, kuma ba na ƙaunarsu. Gara in faɗa tun farko, kada wani ya yi ta karatu yana jiran inda zan yabe su.

Dutsen yana arewa da Machina. Wanda ya tashi a Nguru ko Gashua, inda ba abin da ido yake gani sai yashi da fadama, zai ɗauka wani babban tsauni ne. Ba haka ba ne. Tarin baƙaƙen duwatsu ne da suka hau kan juna, da ramuka da lunguna a tsakaninsu, sai ƙauye biyu, ɗaya a gindinsa ta kudu, ɗaya ta arewa. Mutum zai bar wannan da hantsi ya isa wancan rana ba ta take ba. Duk dangin juna ne, Mangawa, Barbarci suke yi a gida, Hausa sai a kasuwa.

Tun kafin Turawa wurin bai taɓa zama na kowa ba, amma kowa ya ce nasa ne. Damagaram tana arewa, Borno tana gabas, ta kudu kuma ga mahara. In Damagaram ta ji yunwa sai ta sauko ta kwashe ƙauyen arewa, mutane da awaki. In manzannin Borno suka zo karɓar gaisuwa, ƙauyen kudu suke fara tararwa. Da wuya a ci ƙauyukan biyu a shekara ɗaya, don wanda ya ci ɗaya ba ya son ya zagaya dutsen ya yi karo da mutanen wani sarki. Kakannin babana suka lura da haka, suka yi dabara. Kowane gida ya raba jininsa biyu. In gidanku yana kudu, ana yaye ɗan fari sai a kai shi arewa wurin dangi, can zai girma, can zai yi aure, can za a binne shi. In gidanku yana arewa, a kawo shi kudu. Yaron da aka kai ajiya suke ce masa, wurin da yake riƙe wa gidansu kuma gurbi. In aka kwashe wannan gefen, gidan bai mutu ba, da saura a wancan. In kuwa an ji labarin mahara da wuri, kowa yana da ƙofar da zai shiga a bayan dutse, ƙofar wanda suka fito ciki ɗaya, wanda ba shi da halin korarsa.

Da Turawa suka zo suka ja iyaka, sai layinsu ya bi ta kan dutsen, arewa Faransa, kudu Ingilishi. Tsofaffin ko a jikinsu. Suka ce Damagaram da Borno ne suka sake hula. In Faransa ta zo ɗibar maza aikin hanya, samarin arewa su sulale kudu. In masu jangali suka zo ta kudu, dabbobi su kwana arewa. Sai ma suka ƙara riƙe al'adar da ƙarfi. Abin da ba wanda ya tsaya ya tambaya shi ne yadda za a yi da mutumin da ya bar gindin dutse gaba ɗaya ya koma inda jirgin ƙasa yake tsayawa. Babana ke nan.

Innata 'yar Bade ce, daga Gashua, gidan masunta. Babana yana zuwa da jakan kanwa yana komawa da bandar kifi, a nan ya gan ta. Ita ta so shi, ta ce don tsayinsa da shirunsa. Shirun nan shi ya cuce ta. Da jirgi ya iso Nguru suka tare can, ya shiga dako a tasha, lodin gyaɗa da fatu da ƙaro. A Nguru aka haifi yayana.

Gidansu Baba na kudu ne. Wansa shi ne ajiyar gidan a arewa, ya mutu a wurin aikin hanyar Faransa bai bar ɗa ba. Gurbi ya zama ba kowa. Mahaifiyarsu, Kaka, ta tattara ta koma arewa ta zauna a ɗakin mamacin tana tsaron wurin, tana lissafin watannin jikanta na Nguru. Da lokacin yaye ya yi sai ga ta a ƙofar gida.

Ko'ina a ƙasar nan ana kai yaro yaye wurin kakarsa. Ya yi 'yan kwanaki, ya manta nono, a dawo da shi. Abin da Inna ta sani ke nan. Ta yi wa Kaka tuwo da miyar kifi, ta ɗaure mata banda a ƙunshi, ta goya mata yaron da hannunta, har tana gyara majanyi. Rigarsa mai kyau ma ba ta sa a kayan ba, ta ce ƙura za ta ɓata ta, ya sa in ya dawo. Baba yana tsaye a wurin. Ya san inda ake kai ɗansa, ya san har yaushe. Bai ce komai ba.

Ni ba a haife ni ba tukuna. Duk wannan daga bakin Inna na ji, guntu-guntu, tana daka ko tana tsefe mini kai da ƙarfin da ya wuce na tsifa. Wata mai sayar da kanwa ce ta fara gaya mata gaskiya a bakin rijiya, tana mamakin yadda matar Bamange ba ta san ajiya ba. Inna ta je dutsen sau ɗaya da cikina. Ta tarar da yaron yana bin 'yan akuya da gudu, Kaka ta dube ta ta ce bai gama manta nono ba. Ta dawo ita kaɗai.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta cewa ɗana, ba ta da damar zama gaban manya ta ce kewarsa take yi. Yaron nan take cewa. Da wannan kalmar na tashi a kunnena.

"Malam, yaushe za a je a ɗauko yaron nan?"

"In an gama lodin gyaɗa."

"Gyaɗar bara ko ta bana?"

"Ke 'yar Bade, bakinki sai ka ce ƙayar kifi."

"Gara ƙayar kifi da reman dutse. Ku kun shige ramin dutse kun ɗauka iyakar duniya ke nan."

Sai ya ɗauki gammonsa ya fita. Kullum haka ake ƙarewa, shi a waje, ita tana magana da turmi.

Sannan aka fara yaƙin Turawa. Faransar da ke arewa da mu ta ɓata da Ingilishi, aka rufe iyaka. Wanda aka kama yana tsallakawa ya sha bulala, wani a ɗaure shi. Mutanen dutse dai ba abin da ya hana su bin lungunansu, amma baƙuwa 'yar Bade da goyo ba ta da hanya. Labari ya riƙa zuwa cewa ana kwashe gero a rumbunan arewa, ana cin ganye. Duk wanda ya sauko Nguru ta hanyar Machina, Inna sai ta tare shi a kasuwa ta tambaye shi ko ya ga wani yaro dogo a bayan dutse. Kowa ya ga yaro dogo. Ni kuwa na girma da wa wanda ban taɓa gani ba, wanda ake ajiye wa tsokar kifi ranar Salla, sai ta fara wari a ba ni.

Da yaƙi ya ƙare aka buɗe hanya, ina da wayo sosai, ina iya ɗaukar tulu. Inna ta ce za ta je. Baba ya ce, "Je ki, ki ji da kunnenki." Ko raka mu bakin gari bai yi ba. Muka bi masu jakan kanwa da za su koma arewa, muka huta a Machina, muka wuce.

Kaka tana zaune a inuwar dutse tana sussuka da muka isa. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce baƙa, zanen fuskarta ya nutse cikin tamoji. Suka yi ta gaisuwar wushe, wushe da Inna kamar ba abin da ke tsakaninsu. Sai ta juyo kaina.

"Wannan ce mai warin kifin?"

"Ke ce mai satar 'ya'yan mutane?" na ce.

Inna ta kai mini duka, Kaka ta tare hannun tana dariya har da tari. "Bar ta. Jika ce, tana da izinin zagina. Zo nan, marar kunya, in ga haƙoranki ko na gidanmu ne."

Da la'asar yayana ya dawo da awaki. Dogo ne kamar Baba, da warki da sanda, an yi masa zanen Mangawa a kumatu. Kaka ta yi masa magana da Barbarci, ya zo ya durƙusa nesa da Inna ya gaishe ta yadda ake gaida baƙuwar kakar mutum. Inna ta kau da kai, haka kunya ta ce a yi. Amma ƙwaryar da ke hannunta ruwan ciki sai zuba yake a zaninta. Ni ya dube ni sau ɗaya ya koma wurin awakinsa.

Washegari da safe Inna ta ajiye kunyar. Ta zauna gaban Kaka ta ce, "Iya, na zo in tafi da ɗana." Ranar na fara jin ta ce ɗana.

Na zaci Kaka za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce, "Tafi da shi mana. Wa zai zauna a gurbi?"

"Ba ruwana da gurbi. Ni yaye na bayar."

"Ke kika ce yaye. Ni ban ce ba, mijinki bai ce ba."

"Ba ku ce komai ba, shi ne cutar."

"'Yata, saurara. Kakan mijin nan naki da kike wa gori, yana yaro aka kawo shi nan. Shekarar da aka ƙone ƙauyen kudu, gidansu ba wanda ya tsira sai shi. Da uwarsa ta riƙe shi a cinya yadda kike so, da ba mijinki, da ba wannan mai bakin. Nawa ɗan farin ni na goyo shi na zagayo dutsen nan da ƙafata, nono yana zuba. Kin ji an ce na mutu?"

"Shi ai ya mutu."

Kaka ta tsayar da gyaran geron da take yi. Na ɗauka Inna ta yi nasara. Can sai tsohuwar ta ce, "Ya mutu, ƙaninsa yana Nguru yana cin shinkafa. Amfanin abin ke nan."

"Ke in kika yi kewarsa kina zagayowa kafin azahar. Ni fa? Daga Nguru?"

"Ban aiki kowa Nguru ba." Ta ci gaba da gyaran geronta. "Gurbi bai san namiji ba, bai san mace ba, bai san babba ko ƙarami ba. Jinin gidan kawai yake so. In akwai wanda zai zauna, ɗauki naki ki tafi yau."

Ba ta dube ni ba da ta faɗi haka. Inna ce ta dube ni.

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka tana tunani ba. Na san dai da rana ta yi sanyi ta ja ni bayan ɗaki ta zauna ta yi mini kitso, ƙananan layuka masu daɗewa, irin wanda ba a yi wa yarinyar da za a sake yi wa kitso nan kusa. Hannunta a hankali, ba kamar na gida ba.

"Za ki taya Kaka zama kaɗan," ta ce.

"Kaɗan yaya?"

"Kafin ruwa ya sauka."

"Ruwan bana?"

Ta ja gashin. "Gyara kanki."

Da masu jaki suka tashi komawa, Inna ta bi su da yayana. Kaka ce ta ce ya tafi, shi ya sa ya tafi, yana waiwayen awakinsa. Inna ba ta waiwayo ba. Na tsaya a kan wani falalen dutse ina kallon bayan zaninta har yashi ya shanye su. Ban yi kuka ba. Na sauko na harba tulun Kaka ya fashe, ta ce wannan kam jinin gidan ne.

Zaman dutse ba abin da zan ba da labarinsa da daɗi. Ruwa a wani rami yake can cikin duwatsu, sai an kwanta a ciki an miƙa hannu da ƙoƙo. Tuwon gero da miyar kuka, yau da gobe da jibi. Ni da na saba da kifi har ina raina shi, na koma ina mafarkin kan tarwaɗa. Yara suna bi na suna kwaikwayon Hausata. Na koyi Barbarci ta hanyar zagi, shi ya fara zama a bakina. Kaka ba ta taɓa duka na ba, ba ta hana ni abinci ba. Ta kan nuna ni ga baƙi ta ce ga ajiyarmu, yadda ake nuna sabon rumbu.

Sau ɗaya na ga abin da suke taƙama da shi. Wata safiya mai kiwo ya hango dogaran Faransa suna tahowa a kan raƙuma, ya yi wata irin fito. Kafin in gane me ake ciki ƙauyen ya zube cikin dutse. Ba gudu, ba ihu. Mata da tukwane a ka, maza da damman gero, awaki a gaba, kowa ya san lungun da gidansu yake bi. Kaka ta riƙe wuyan hannuna muka bi ta wani tsagi da sai an karkace ake wucewa, muka ɓulla kudu. A can kowace ƙofa a buɗe, an shimfiɗa tabarmi, kowa ya shige gidan ɗan'uwansa kamar ya dawo daga gona. Dogaran suka tarar da tsofaffi biyu da makaho da rumbuna rabi. Suka ɗebi abin da suka samu suka yi gaba.

Kaka ta ce, "Kin gani, mai warin kifi? Da ba ke a arewa, da wane dalili gidanmu na kudu zai buɗe mana?"

"Ba su san fuskarki ba ne?"

"Fuska a manta ta. Jini ake buɗe wa."

Na gani, dabarar tana aiki, ba zan yi musu ƙarya ba. Amma duk wanda ya zauna ya tsara ta, ba shi aka bari a kan falalen dutse ba.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fara fitar da kai. Ba wanda ya zo daga Nguru. Kitson ya warware da kansa, Kaka ta yi mini irin nasu. Na daina hawa falalen.

Gab da girbi, wata la'asar ina dawowa daga ramin ruwa, na tarar da yayana tsugune a garken awaki yana duba kofaton wata akuya. Yana sanye da riga irin ta 'yan Nguru, ta yage a kafaɗa, ƙafafunsa sun faffashe. Ya biyo wasu Fulani masu komawa arewa da shanu, bai gaya wa kowa ba.

Lokacin ina jin Barbarci, don haka muka yi maganarmu ta farko.

"Me ka dawo yi?"

"Wa ya bar wannan da ƙaya a ƙafa?"

"Ni. Me ka dawo yi?"

"Garinku wari yake. Kifi da hayaƙin jirgi. Ba inda mutum zai hau ya ga nesa." Ya zare ƙayar. "Mutumin ya kai ni tasha ya ɗora mini buhu, 'yan dako suna ce mini ɗan Faransa. Matar kuma ba dama in ɗaga kai, sai in ga tana kallona tana hawaye. In na ci abinci kuka, in ban ci ba kuka."

"Matar ita ta haife ka."

"Haka aka ce."

"Ni fa? Ta ce a gaishe ni?"

Ya yi tunani da gaske, ba don ya ɓata mini rai ba. Ya ce, "Ba na jin Hausa sosai."

Kaka ba ta yi masa faɗa ba, ba ta yi murna a fili ba. Ta dafa masa fura da nono mai yawa. Bayan 'yan kwanaki ta kira ni ta ce mai gurbi ya dawo gurbinsa, kuma geron bana ba zai ciyar da mu duka ba. Ta haɗa ni da masu kanwa. Da za mu tashi ta ce, "Ki gaida 'yar Bade. Ki ce mata ban riƙe shi ba, ta gani." Ta ƙara da cewa da an bar mata ni da ta gyara mini baki. Na ce da an bar ni da na fasa sauran tulunan. Ita kaɗai ce a dutsen ta yi kamar za ta yi kewata, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da na shiga gidanmu a Nguru Inna tana tankaɗe. Ta ɗago, idonta ya wuce ni ya tafi ƙofa, ko akwai wani a bayana. Babu. Sannan ta dube ni.

"Kin rame," ta ce. "Wa ya yi miki wannan kitson?"

Ta zuba mini tuwo, ta tsefe kan a ranar. Iyakar abin da aka ce ke nan. Baba ya dawo daga tasha ya ce, "A'a, an dawo?" kamar kasuwa na je.

Gidan bai ƙara zama daidai ba. Ta daina tambayar yaushe za a ɗauko yaron nan, ta daina yi wa Baba gori, ta daina magana da turmi ma. Ni kuma na zama abin da ba a so a gani. In na yi suɓul da baka na zagi akuyar maƙwabta da Barbarci sai ta tashi ta shiga ɗaki. Da aka zo neman 'yan mata a sa su makarantar boko, maƙwabta suna ɓoye nasu a rumbu da ƙarƙashin gado, Baba shi ya kama hannuna ya kai ni da kansa. Mutane suka ce wayayye ne, zaman tasha ya buɗe masa ido. Ni na san ba wayewa ba ce. Yana da ɗa wurin Faransa, ya ga ya kamata ya ajiye ɗaya wurin Ingilishi. Inna ba ta hana ba. Daga nan aka wuce da ni makarantar kwana, jirgin da Baba yake wa lodi shi ya riƙa kai ni yana dawo da ni.

Ina can Inna ta nemi saki ta koma Gashua gidan 'yan'uwanta, ta koma bandar kifi. Kaka ta rasu. Yayana yana nan a arewa, an ce ya yi aure, awakinsa sun yi yawa. Yanzu ana ta maganar Turawa za su tafi, kowace ƙasa ta ci gashin kanta. In sun tafi layin ba zai bi su ba. Shi zai zama mutumin wata ƙasa, ni ta wata, mutanen dutse kuma su ce an sake hula.

A makaranta an koya mana tarihin iyakar nan. Malamar ta zana ta a allo da alli ja, ta ce an yi yarjejeniya cikin lumana, ta ce mutanen wurin ba su ma san an yi ba. Na ɗaga hannu na ce sun sani. Ta ce in zauna.

Hutun da ya wuce na je Gashua. Na tarar da Inna a bayan gida kusa da kogi, tana jera tarwaɗa a kan wutar banda, hayaƙi ya sa idonta ja. Ta tsufa fiye da shekarunta. Matan gidan suna ta tsokanata, malama ta zo, a kawo kujera kada zanin malama ya taɓa ƙasa. Da suka watse muka rage mu biyu, na tsuguna ina miƙa mata kifin tana lanƙwasawa tana soke wutsiya a baki. Shekara da shekaru ina jiran ta fara maganar. Na gaji da jira.

"Inna, in tambaye ki."

"Ke da ba kya neman izini."

"Da bai gudu ba, da ya zauna a Nguru, da kin je kin ɗauko ni?"

Ba ta daina aikin ba. Ta lanƙwasa wani, ta soke, ta ajiye.

"Da na ɗauko ki, da sai in mayar da shi."

"Na sani. Shi ya sa nake tambaya."

"To, da ban je ba."

Na san amsar tun ina kan falalen dutse. Duk da haka na sake tambaya.

"Ko ziyara?"

"Ziyara na yi wa wancan sau ɗaya, na san yadda take." Ta gyara itacen. "Ke na yi miki goyo, na yaye ki da hannuna, na ga haƙoranki sun zube sun fito. Shi ban samu komai ba. Na ce in samu kaɗan. Kin tambaya, na gaya miki. Da kin fi so in yi shiru irin na ubanki?"

"A'a."

"To miƙo wancan, wuta tana cinyewa."

Na miƙa mata. Muka gama jera kifin, ta rufe da tsohuwar tabarma. Ta ce in na tashi komawa in tuna mata ta ɗaure mini banda, ta ji an ce abincin makaranta ba shi da kirki. Na ce to. Ranar da na tafi ban tuna mata ba, ita ma ba ta ɗaure ba.